Shekarar da Babanku Ya Shiga Rumbu

Tun ranar da yayanku Nasiru ya tono kaset ɗin nan daga ƙasan akwatina, ya kai birni aka juye shi a waya, ban huta da tambaya ba. Wannan ya ce, Inna, ashe Baba makaɗi ne? Waccan ta ce, ko dai ya taɓa samun taɓin hankali aka ɓoye mana? Abokan Nasiru kuma, 'yan boko masu dogon Turanci, sun ce wai ya yi kama da wani kiɗan masu baƙin ciki na can ƙasashen waje, har suna yabon ruwan saman da ke zuba a ƙarshe, wai babanku gwani ne da ya san ya rufe da shi. Na yi dariya har sai da na share hawaye. Ku kun tashi kun tarar da liman mai rawani, wanda ko tafi ba ya so a yi a gidansa, don haka ban ga laifinku ba. Amma ni na san mutumin kafin rawani, kuma tunda yau ba ya nan balle ya harare ni, zan faɗa muku a takarda yadda aka yi. Babanku ba makaɗi ba ne, ba mahaukaci ba ne, kuma abin da kuke ji a ƙarshen kaset ɗin ba ruwan sama ba ne.

Kun san kuna da yaya da ta rasu kafin a haifi ko ɗayanku. Ita ce 'yar fari, kuma a zamaninmu ba a wasa da kunyar ɗan fari. Ku yanzu kuna ɗora naku a cinya a gaban surukai kuna kiran su da suna har da ƙari, ni dai sai kallo. Mu kuwa, ana yaye ta aka kai ta ɗakin Iya, mahaifiyar babanku, can take kwana can take ci. Ni da babanku ba mu taɓa kiran sunanta ba. In zan aike ta sai in ce ke, in zan yi maganarta sai in ce yarinyar Iya. Ta fara iya aike ke nan, tana kai wa kakanta Baba Liman butar alwala tana zubar da rabi a hanya, ƙyanda ta shigo gari ta tafi da ita. Da mutane suka zo gaisuwa, Iya da Baba Liman aka yi wa ta'aziyya. Ni ina bayan ɗaki ina daka wa baƙi fura, babanku yana zaure yana shimfiɗa tabarmi. Babu wanda ya hana mu kuka, amma babu wurin da za mu yi shi.

A daminar shekarar kuma ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya fito da kai ya tsaya. Kafin bazara ta yi nisa, babban rumbun ƙasa da ke bayan gidanmu ya ƙare tas. Wannan rumbu tun na kakan babanku ne, tsayinsa ya fi mutum biyu, yana zaune kan duwatsu, kuma ba a shigarsa sai ta sama, a sa tsani a ɗage jinka. Mace ba ta leƙa rumbu. Namiji ne ke shiga ya auno miki, ke dai ki karɓa ki yi godiya, don abin da ke ciki asirin gida ne. Ni ma ban san ya ƙare ba sai da na lura geron da ake ba ni ya sake launi, ba irin na gonarmu ba. Ashe babanku ranar kasuwar Minjibir yake sayo shi kaɗan-kaɗan, ya ɗauro a keke ƙarƙashin ciyawar awaki, ya hau tsani da shi ya sauko da shi, don duk mai kallo ya ɗauka daga ciki ya ɗebo. Gidan liman guda ba ya so a san yana awo.

Wata rana da tsakar rana, lokacin da maza suka dawo daga sharar gona kowa na neman inuwa, na zaga baya in kori kaji, sai na ji wani sauti yana fitowa kamar daga ƙarƙashin ƙasa. Tsirkiya ce ake taɓawa sau ɗaya, a bar ta ta yi ta kuka har ta mutu, sannan a sake taɓawa. Na yi a'uziyya, don na ɗauka mutanen ɓoye ne suka tare mana a rumbu. Sai na ga takalman babanku a gindin tsani. Na matsa na jingina bayana da jikin rumbun, abin ya riƙa shigowa ta ƙashin bayana kafin ya iso kunne. Can sai muryarsa, ƙasa-ƙasa, ba irin ta karatu ba:

"Da safe inuwata tana yamma, da yamma tana gabas. Wa ke kai ta, wa ke dawo da ita?"

Shi ke nan waƙar. Sai ya maimaita, ya yi shiru mai tsawo har ki ce ya yi barci, ya sake taɓa tsirkiyar. Ban san lokacin da na zame na zauna ba, kuma ranar ce na fara yi wa yarinyar kuka.

Gurmi ne ya haɗa da hannunsa, da ƙoƙo da fatar damo da ya samo wajen wani maharbi. A rumbu ya ɓoye shi saboda nan ne kaɗai ba wanda zai leƙa, kuma a nan ya gano cewa rumbun da ba kowa a cikinsa yana amsa wa tsirkiya. Gurmin mutane tsirkiya biyu gare shi, nasa ɗaya. Da na tsokane shi na ce ko ta biyun ce ta gagare shi, sai ya ce:

"Na sa, na cire. Biyu surutu ne."

Kada ku ce ya iya kiɗa. Na sha jin masu gurmi a gidan biki, hannunsu kamar ana watsa tsakuwa a kwano, mata na rawa ana liƙi. Na babanku ko akuya ba za ta ɗaga ƙafa ba. Ba ya wasa kowa, ba ya ambaton mai kuɗi ko mai sarauta, ba shi da 'yan amshi. Tambayoyi ne kawai. Wata waƙar yana tambayar numfashin da aka ara masa, a ina mai shi ke ajiye shi in ya karɓa. Wata yana tambayar rijiya ko tana tuna fuskokin da suka leƙa ta. Wata kuma kalma ce guda, jiya, yana ta juya ta har sai kin ji kamar ba ki taɓa jin ta ba. Makaɗa da sun ji sai su ce bai san sana'a ba, malamai kuma su ce ya bar hanya, shi dai bai da inda zai zauna a tsakaninsu.

Ba a daɗe ba maganar ta kai kunnen Baba Liman. Tsoho ne mai sanyin magana, ƙafafunsa sun fara gajiya, kuma kowa ya san babanku yake shirin tsayarwa na'ibi. Ya kira shi ɗakinsa. Ni ina tsakar gida ina tankaɗe, na rage motsin rariya don in ji.

"Ɗan malam da gurmi?" in ji Baba Liman. "Tambaya a gaban malami ake yin ta, ba a cikin rumbu ba. Wanne ne a ciki ban koya maka amsarsa ba?"

"Duk ka koya mini, Baba, kuma na yarda da su. Ba amsa nake nema ba. Inda zan ajiye tambayar nake nema, ta yi mini nauyi."

Tsohon ma fa jikarsa ce, shi take kai wa buta. Sai ya ce:

"Na ba ka zuwa ruwan shuka. Ranar da aka sa iri a ƙasa, ka kawo mini abin nan, ka shiga gaba ka ja salla. Mutane ba za su bi makaɗi ba."

Babanku ya ce ya ji. Daga nan ne tunanin kaset ya zo, tunda abin zai ƙare, ko sautin ya saura. Yayana Ilu, da ke dako a kasuwar hatsi ta Dawanau, shi ya aro mana rakoda da batir, bai ma tambayi me za a yi da ita ba. Babanku ya ɗaura mata igiya ya rataye ta daga bakin rumbun zuwa ciki, daidai kansa. Aikina shi ne gadi. In kore kaji, in ɗaure awaki nesa, in roƙi matan gida su jinkirta daka. Ba kullum nake cin nasara ba, shi ya sa kuke jin zakara a waƙar rijiya, kuma tarin da ke cikin waƙar inuwa nawa ne. In na gama sai in zauna in jingina da rumbun. Tunda aka kawo ni gidan ban taɓa zama kusa da shi da rana tsaka haka ba, ga bango a tsakaninmu amma kamar babu.

Fuska ɗaya ta kaset ta cika, ta biyu ta yi rabi, sai ya tsaya. Yakan shiga ya fito bai danna komai ba. Hadari kuma ya fara haɗowa ta gabas da la'asar yana watsewa, mutane sun fara fito da iri suna dubawa. Na tare shi a gindin tsani na ce, Malam, ruwa fa ya kusa.

"Saura ɗaya," ya ce.

"Ta wa?"

"Kin sani."

Na duba hagu da dama, sannan na ce, "Za ka faɗi sunan?"

"A cikin rumbu ba mai ganin fuskata," in ji shi. "Na gwada, in na zo wurin sai in kasa. Amma zan faɗa. Ke dai ki zauna inda kike zama."

Ku da kuke kiran 'ya'yanku sau ɗari a wuni ba za ku san abin da wannan magana ta yi mini ba. Ba na son komai a duniya lokacin kamar in ji sunan yarinyar nan a bakin ubanta, sau ɗaya, ina kusa. Kuma in ya shiga kaset, na san ko bayan an sa iri a ƙasa zan iya rufe ɗaki in sake ji. Na riƙa duban gabas ina roƙon Allah Ya jinkirta ruwa, ni da gidanmu ba hatsi, ku ji fa rashin hankali.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne maƙwabta. Bayan katangarmu gidan Baba Tanko ne, tsohon manomi wanda in ya ƙwanƙwasa jikin rumbu da ɗan yatsa zai gaya maka inda hatsi ya tsaya. Duk manomi ya san rumbu mai hatsi ba ya amsawa. Tun farkon bazara Baba Tanko ke jin namu yana kuka kamar ganga, ya san ko ƙwaya babu. Sannan a garinmu ba a taɓa ganin wanda ya ɗauki abin kiɗa don kansa ba, duk mai waƙa nema yake a ba shi. Sai suka haɗa biyun suka ce ɗan liman ne yunwa ta ci gidansu, kunya ta hana shi faɗa, shi ne ya shiga rumbu yana sanar da gari ta hanyar da ba za a ce ya yi roƙo ba. Kalmomin ba sa isa bayan katanga, amsawar rumbun kawai ke isa. Suka yi ta shawara a gindin masallaci ba mu sani ba.

Ranar da ya ce yau ce, gari ya yi luf, zafi kamar a cikin tukunya. Bayan azahar ya hau tsani, ya waiwayo ya dube ni, abin da bai saba ba. Na ɗaure awaki, na watsa wa kaji dusa can nesa, na zauna. Na ji ƙarar danna rakoda. Ya taɓa tsirkiya, ya bar ta ta mutu. Ya sake. Sai ya ce:

"Ke da kika riga mu sanin hanya, ke da ba ki iya ɗaura zane ba..."

Ya ja numfashi. Na ji jan numfashin a bayana, na san sunan ne ke tafe. Sai sallama daga zaure, ba ta mutum ɗaya ba.

Na ja mayafi na shige bayan ɗakin girki ina leƙe. Baba Liman ne ya shigo da su yana dogara sanda, fuskarsa ba ta nuna komai. Baba Tanko a gaba da ƙwarya a ka, bayansa magidantan unguwa, wani da kwano, wani da ɗan buhu, wani da abin da ya ƙulle a gefen riga. Kusan kowane gida ya aiko, a shekarar da kowa ke auna tuwonsa da ido. Babanku ya fito da kai ta bakin rumbu, duk ya yi ƙura, yana ƙifta ido saboda hasken rana.

"Malam, mun ji," in ji Baba Tanko. "Wallahi tun tuni muke ji, kanmu ne bai kawo ba. Ka yafe mana. Gidan da ke mana salla da suna da jana'iza, a ce sai da ɗansa ya shiga rumbu ya yi kuka? Ba yawa, a rufa asiri."

Na ga bakin babanku ya motsa. Ya dubi mahaifinsa. Me zai ce? Ya ce wa dattawan gari sun yi kuskure, su koma da hatsinsu, shi 'yarsa ta fari yake yi wa waƙa? Ko da rumbun cike yake ba zai iya faɗin haka ba, balle ga shi gaskiyarsu ce, babu komai a ciki. Baba Liman ya yi musu addu'a mai tsawo, sannan ya ce:

"Karɓi ka zuba."

Babanku ya fito ya zauna a bakin rumbun, suna miƙa masa yana juyewa da hannunsa. Gurmin yana ƙasa inda ya ajiye shi, gero ya rufe shi. Rakoda kuwa tana rataye tana ta juyi, ba wanda ya tuna da ita. To wannan shi ne ruwan saman abokan Nasiru. Ku sake saurara da kyau. Da farko zubar tana da amo, kamar a cikin rijiya, sannan amon ya yi ta raguwa har ya koma shuu kawai, saboda rumbun ya daina amsawa. Muryar da ke cewa madalla, madalla, ta babanku ce. Wadda ke cewa a hankali kar ya zube, ta Baba Tanko ce. Ruwan gaskiya sai bayan kwana kaɗan ya sauka, aka yi shuka, babanku ya shiga gaba ya ja salla.

Geron nan shi ya kai mu kaka, ba zan ɓoye ba, kuma ina da cikin Nasiru a lokacin, don haka shi ma da shi aka gina shi. Ban taɓa cin tuwon da na gode masa kuma na ji haushinsa kamar wannan ba. Da muka cinye har ƙasa, gurmin ya fito, ɓera ya cinye fatar, tsirkiyar ta tsinke. Babanku ya kai wa Baba Liman kamar yadda ya yi alkawari, tsohon ya juya shi a hannu ya ce a ba matarka ƙoƙon, kar a yar. Shi ne ƙoƙon nan mai huda biyu da kuka tashi kuna gani ina ajiye kanwa a ciki.

Bayan wasu shekaru an sake yin fari, rumbun ya sake zama fayau. Baba Liman ya riga ya rasu, ba mai hana shi. Na same shi shi kaɗai na ce, Malam, rumbu fa ba kowa, kuma saura rabin waƙa. Ya yi murmushi, ya ce:

"In na taɓa tsirkiya a ciki, sai su sake kawowa. Kuma kin san ba su da shi."

Na ce to ya yi a ɗaki, ba gurmi, ni kaɗai.

"A ɗaki fuskata a waje take," ya ce.

Ban sake tambaya ba, shi ma bai sake tayarwa ba, har rumbun ya rushe a wata damina aka koma ajiye buhuna a ɗakin kwano. Ya yi limancinsa da gaskiya, kun gani da idonku, kuma ban ce ya yi nadama ba. Amma duk bazara, in gari ya yi luf bayan azahar, nakan gan shi zaune a tabarma yana taɓa gefen gwiwarsa da ɗan yatsa sau ɗaya, ya jira, ya sake taɓawa. Ku kuna cewa tasbihi yake yi. Ni nakan tashi in shiga ɗaki, don ina kewarsa alhali yana zaune a gabana. A ciwonsa na ƙarshe na yi niyyar in roƙe shi ko sunan kaɗai ya faɗa mini, sai ɗakin bai taɓa zama ba mutane ba, liman ne, gari guda ke zuwa dubiya.

Yanzu Nasiru ya ce abokansa suna so su gyara sautin, su cire zakara da tarina, su raba wa mutane su ji. Ku raba, ban hana ba, wanda ya ga dama ya kira shi da sunan da yake so. Zakaran ma ku cire in ya dame ku. Abu ɗaya na hana, kada a taɓa wurin nan da ya ja numfashi kafin sallama. Ni duk lokacin da na kunna, nan nake tsayar da shi in mayar baya, in jingina da bango, ko wannan karon zai riga masu sallamar.

Ba zai riga su ba, na sani. Na tsufa, kunyar da ta rage mini ba ta da yawa, kuma takarda ma ba ta ganin fuskar mutum. Wataƙila kun taɓa jin sunan a bakin gwaggonninku, amma ba ku taɓa ji daga wurina ba, kuma ba ku ji daga wurinsa ba. In kun zo wurin numfashin, ku tsayar, ku faɗa masa da bakinku.

Sunanta Safiya.